Amintattun coci da hukumomin gwamnati a Sudan

Amintattun coci su ne mutanen da ikilisiya ke zaɓa su riƙe mata dukiya: filaye, gine-gine, makarantu, shagunan haya da asusun banki. Su ke sa hannu a takardu, su ke zuwa ofisoshin gwamnati da kotu a madadin jama'a. A Sudan an fi kiran su da kalmar Larabci, lajna, wato kwamiti, sunan da Hausawan Maiwurno, Gadarif da Kassala suka saba ji a kan kwamitin masallacin unguwa. Mafi yawan Hausawan ƙasar Musulmi ne, amma ma'aikatar da ke kula da wakafi da masallatai ita ce kuma ke kula da al'amuran coci, don haka ƙofa ɗaya lajnonin biyu ke ƙwanƙwasawa. Ƙarfin amintacce a ƙasar ya fi rataya a kan abu biyu: hatimin ma'aikata da takardar fili.

Asali

A zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, daga 1899 zuwa 1956, hukuma ta taƙaita wa'azin mishan a tsakanin Musulmin arewa, ta kuma yanka wa kowace ƙungiya yankinta a kudu. Biyu daga cikin ƙungiyoyin sanannu ne a ƙasar Hausa. SUM (Sudan United Mission), wadda ta fara aiki a Wase a 1904, ta isa Duwatsun Nuba wajen 1920, kuma daga aikinta Cocin Almasihu ta Sudan ta fito, kamar yadda COCIN ta fito a Najeriya. SIM (Sudan Interior Mission), uwar ECWA, ta shigo yankin Shuɗin Nilu a 1937 bayan Italiya ta mamaye Habasha. A lokacin, da sunan mishan ake rubuta dukiya. Sai da Turawan suka fara tafiya sannan ta koma hannun kwamitocin 'yan ƙasa.

Dokar 1962 da abin da ya biyo baya

Bayan samun 'yanci gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudu a 1957. A 1962 gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kafa Dokar Ƙungiyoyin Mishan. Dokar ta ce babu ƙungiyar da za ta yi aiki sai da lasisi daga majalisar ministoci, lasisin na shekara guda ne, an ƙayyade wurin da za a yi aikin, kuma ana iya ƙin sabunta shi. Ta kuma hana rainon yaro ɗan ƙasa da shekara 18 a kan addini ba da yardar waliyyinsa ba. A watan Fabrairun 1964 aka kori 'yan mishan na ƙetare kusan 300 daga kudu. Ko da yake don baƙi aka yi dokar, jami'ai sun riƙa amfani da ita a kan coci-cocin 'yan ƙasa har tsawon shekara talatin da ɗoriya, kuma a nan ne amintattu suka koyi cewa gyaran rufi ma yana iya buƙatar tasdiƙ, wato izinin hukuma a rubuce.

A 1971, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Ja'afar Numeiri, gwamnati ta karɓe babbar majami'ar Angilika da ke kusa da fadar shugaban ƙasa a Khartum, bisa hujjar tsaro. Daga baya ginin ya zama gidan tarihi, aka gina sabuwar majami'a a unguwar Amarat.

An soke dokar 1962 a shekarar 1994, bayan ziyarar Paparoma John Paul na biyu a 1993. Umarnin da ya maye gurbinta ya nemi coci-coci su yi rajista tamkar ƙungiyoyin sa kai, su miƙa lissafin kuɗinsu, tare da bai wa jami'i ikon soke rajistar. Katolika da Angilika suka ƙi, suna cewa coci ba ƙungiyar agaji ba ce. Ba a tilasta umarnin sosai ba, sai dai ya bar amintattu cikin duhu game da matsayinsu a gaban doka.

Fili

Nan ne gizo ke saƙar. Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, dokar mu'amaloli ta 1984 kuma ta riƙe ginshiƙin wannan hukunci. Abin da ke tabbatar da mallaka shi ne shahadar bahas, takardar da ofishin rajistar filaye ke bayarwa mai ɗauke da lambar fili, faɗinsa da sunan mai shi, ana kuma neman sabuwa duk lokacin da za a sayar, ko a ba da jingina, ko a nemi izinin gini. Tsofaffin majami'un tsakiyar Khartum da Omdurman suna da ita. Waɗanda 'yan gudun hijirar kudu da na Duwatsun Nuba suka gina da jar ƙasa da kwano a bayan gari, irin su Hajj Yusuf da Soba Aradi, yawancinsu hiyaza kawai suke da ita, wato shaidar zama a wurin. Idan masu tsara birni suka zo yanka unguwa, ginin da ba shi cikin taswira sai katafila ta bi ta kansa. Hausawan da aka tayar daga unguwar Ishash Fallata a Khartum sun san wannan ciwon. Bambancin shi ne, a sabon tsari akan ware wa masallaci fili, coci kuwa da wuya.

Bayan ɓallewar kudu a ranar 9 ga Yulin 2011, ma'aikatar da ke kula da harkokin addini ta sanar a 2013 cewa ba za ta ƙara ba da lasisin gina coci ba, wai Kiristoci sun ragu, ta kuma nanata hakan a 2014. A watan Mayun 2017 aka rushe majami'ar Cocin Almasihu da ke Soba Aradi. Hukuma ta ce saɓa tsarin birni ne, shugabannin coci suka ce wariya ce.

Kwamitocin da aka ɗora

Daga 2013 ma'aikatar ta amince da wani kwamiti dabam a Cocin Bishara ta Firesbiteriya, ba wanda babban taron cocin ya zaɓa ba. Da takardar amincewar nan kwamitin ya riƙa bai wa 'yan kasuwa hayar filayen coci a Khartum Bahri da Omdurman. Kotun gudanarwa ta yanke hukunci a 2015 cewa ma'aikatar ta wuce gona da iri, amma ba a aiwatar da shi yadda ya kamata ba. A watan Afrilun 2017 aka daɓa wa wani dattijon cocin wuƙa har lahira a makarantar cocin da ke Omdurman, yana ƙoƙarin kare matan da ke hana karɓe ginin. Wannan ya nuna irin haɗarin da ke cikin riƙon amanar: zaɓen jama'a ba ya hana komai idan hatimi yana hannun wani.

A shekarar dai aka kama shugabannin Cocin Almasihu saboda sun ƙi miƙa ofishinsu ga irin wannan kwamiti. Kotu ta wanke mutum takwas daga cikinsu a watan Oktoban 2020. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, ministan harkokin addini na gwamnatin riƙon ƙwarya, Nasruddin Mufarrah, ya ba da umarnin rusa kwamitocin da aka ɗora. An ci gaba da shari'a kan wasu kadarorin.

Sauran ofisoshi

Reshen coci da ke aikin jinƙai yana rajista da Hukumar Agajin Jinƙai a ƙarƙashin dokar 2006, yana sabuntawa, yana miƙa rahoto. Rangwamen haraji da na kwastan sai mai rajista. Makaranta tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, bizar ma'aikacin ƙetare kuma sai da amincewar hukuma.

Halin yanzu

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa ma'aikatu suka koma Port Sudan a lokacin, an lalata majami'u da masallatai da dama, mayaƙa sun mamaye wasu. Amintattu da yawa sun yi hijira tare da jama'arsu, kuma aikin da ke gaban waɗanda suka dawo shi ne nemo takardun filaye da sake tabbatar da su a ofishin rajista.