Dokar YouTube kan mabiyan bogi da "yi min in yi maka"

Duk wanda ya buɗe sabuwar tasha a YouTube ya san wannan ciwon, ka ɗauki bidiyo ka zauna kana editin har tsakar dare ka ɗora, washegari ka duba ka ga 'yan tsiraru ne suka kalla, to a daidai wannan lokacin ne saƙonni ke fara shigowa, wannan ya ce shigo guruf ɗinmu na "yi min sabskirayib in yi maka", wancan ya ce biya kaza in kawo maka mabiya dubu cikin kwana biyu. Dukansu biyun fa YouTube ta haramta su a rubuce. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu faɗawa ciki ba 'yan damfara ba ne, mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, kawai dai babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin dokar.

Abin da ke tura mutane ciki shi ne sharaɗin monitaiz, wato fara samun kuɗi da tasharka. Tun farkon 2018 YouTube ta ce kafin ka shiga shirinta na raba kuɗin talla, wato YouTube Partner Program, sai kana da mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka wuce. Daga baya aka ƙara ƙofar Shorts, wato gajerun bidiyoyin YouTube, mabiya 1,000 ɗin dai suna nan amma maimakon awanni sai kallo miliyan 10 cikin kwana 90. A 2023 kuma aka fito da ƙaramin mataki, mabiya 500 da bidiyo uku da ka ɗora cikin kwana 90 da awa 3,000 ko kallon Shorts miliyan 3, sai dai wannan ba ya ba ka kuɗin talla, hanyoyin da masu kallonka za su tallafa maka da kuɗinsu yake buɗewa. Mutum yana kallon waɗannan lambobin yana kallon nasa, sai zuciya ta fara raya masa ya bi ta gajeriyar hanya.

To me dokar ta ce? A taƙaice ba a yarda da duk wani abu da zai kumbura yawan kallo ko laik ko kwament ko mabiya ta hanyar da ba ta gaskiya ba. Sayen su laifi ne, ko na'ura ce ke yi ko mutane aka biya su danna. Cewa wani "zan bi ka in ka bi ni" laifi ne, an ma ambace shi ƙarara a cikin misalan abin da aka hana. Tallata shafin da ke sayar da mabiya, ko saka link ɗinsa a ƙasan bidiyonka, shi ma laifi ne ko da kai ba ka taɓa saya ba. Akwai kuma wani wuri da mutane ba sa lura da shi, idan ka ɗauki wani ka ce ya tallata maka tasha, shi kuma ya je ya yi amfani da haramtacciyar hanya, tasharka ce za ta sha hukuncin, ba za ka ce ai ban sani ba. Saboda haka duk wanda ya zo maka da alƙawarin adadi, "zan kawo maka dubu biyar zuwa jibi", tambaye shi daga ina mutanen za su fito kuma me zai sa su zo. In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Amma kar kuma tsoro ya yi yawa, don na ga wasu har sun daina cewa a yi musu sabskirayib wai kar a rufe musu tasha. A'a. Ka roƙi masu kallonka su danna sabskirayib, su yi laik, su tura wa wasu, duk halas ne, YouTube da kanta ta faɗi haka. Ka tura bidiyonka ga 'yan'uwa da abokai, ka haɗa kai da wani mai tasha ku yi bidiyo tare kowa ya nuna wa mutanensa ɗan'uwansa, babu komai. Abin da ake dubawa shi ne mutumin nan da ya danna, don yana son abin da kake yi ya danna ko don an biya shi, ko don yana jiran ka rama masa?

Hukuncin kuwa kala-kala ne. Mafi sauƙi shi ne a share lambobin, ka kwanta da mabiya 1,200 ka tashi da 700, kuma wannan ba sabon abu ba ne, a Disamba 2018 YouTube ta yi wata babbar shara ta asusun bogi har ta sanar cewa tashar da ta faɗo ƙasa da 1,000 za ta fita daga shirin monitaiz sai ta sake cikawa. Sai kuma tsarin sitiraik, wato alamar laifi da ake rubuta wa tasha idan ta karya doka. Karon farko galibi gargaɗi ake ba ka. Ka sake, sitiraik na ɗaya, sati guda ba ɗora komai. Na biyu cikin kwana 90, sati biyu. Na uku cikin kwana 90 ɗin, an rufe tashar gaba ɗaya, kuma ba a yarda ka je ka buɗe wata don kauce wa hukuncin ba. Idan laifin ya yi muni, misali tashar dama don wannan harkar aka buɗe ta, ba sai an bi waɗannan matakan ba, rana ɗaya za a iya rufewa. Sannan muddin akwai sitiraik a kanka ba za ka iya neman monitaiz ba har sai ya faɗi bayan kwana 90.

Ni a ganina ma ko da ba a kama ka ba asarar tana nan, kuma ita ce ta fi ciwo. YouTube tana lura da wa ya ga hoton bidiyonka ya danna, wa ya wuce, wanda ya danna minti nawa ya yi kafin ya fita, da irin waɗannan take gane wa za ta ƙara nuna wa. To ka tara mutum ɗari takwas da ba ruwansu da abin da kake yi, kai kana koyar da gyaran waya su kuma dama sun zo ne don ka rama musu, ka ɗora sabon bidiyo ya bayyana a gabansu su wuce ko kallo, ko su danna su yi daƙiƙa goma su fice. Wane saƙo ka aika? Cewa ko mutanenka ma ba sa son kayanka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mabiyan sun cika 1,000 amma awa 4,000 ɗin ta gagara, don asusun bogi ba ya zama ya kalli bidiyon minti goma sha biyar.

Awannin ma ba kowanne ake ƙirgawa ba, wannan ya kamata kowa ya riƙe. Bidiyon da ka ɓoye ko ka goge, awanninsa ba sa cikin lissafi. Kallon da ya zo ta hanyar tallan da ka biya, halas ne ka yi tallan amma ba a sa shi cikin 4,000 ɗin. Kallon da ake yi a jerin Shorts shi ma ba ya shiga, lissafinsa daban. Kuma cika lamba ba shi ne shiga ba, bayan ka nema sai an duba tashar tukuna, galibi kusan wata guda ake ɗauka, a nan ne ake mayar da masu kwaso bidiyon wasu su ɗora ba tare da sun ƙara komai nasu ba, da masu maimaita abu guda da ɗan canji kaɗan.

Wanda ya riga ya shiga irin wannan guruf ɗin, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, fita kawai za ka yi yau, ka bi kwament ɗin da ka rubuta a tashoshin mutane na "bi ni in bi ka" ka goge su, ka cire duk wani link na masu sayar da mabiya daga bayanan bidiyonka. In lambarka ta ragu bayan haka kar hankalinka ya tashi, waɗanda suka tafi dama ba sa kallo. In kuma an riga an ba ka sitiraik, goge bidiyon ba ya cire shi, ka shiga YouTube Studio, wato wurin da kake sarrafa tasharka, ka karanta takamaiman dokar da aka ce ka karya, idan ka tabbata kuskure aka yi akwai wurin ɗaukaka ƙara a nan cikin Studio ɗin, ka rubuta bayaninka a natse ba da zagi ba.