Tambayoyin da kuka dame ni da su kan ƙungiyar mawaƙan nan ta Beatles

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya, ga amsar nan, wanda ya sake tambaya sai dai ya dawo nan ya karanta.

'Yan Amurka ne?

A'a. 'Yan Ingila ne, garin Liverpool.

Yaushe suka fara?

John Lennon ya haɗu da Paul McCartney a 1957 wajen wani bikin coci, George Harrison ya shigo 1958, dukkansu yara ne lokacin.

Gaskiya ne dare ɗaya suka yi suna?

Wa ya gaya maka? Tun 1960 suke Hamburg a Jamus suna kiɗa a gidajen rawa awanni da yawa kowane dare, suna kwana a wani ɗan ɗaki bayan gidan silima kusa da banɗaki, har George sai da aka koro shi gida saboda shekarunsa 17. Can suka ƙware. Kuma a farkon 1962 kamfanin faifan waƙa na Decca ya saurare su ya ce ba ya so.

Ringo Starr, makaɗin gangarsu, shi ne ya buga ganga a waƙarsu Love Me Do, kuma ya zan gane?

To nan sai a hankali, don sau uku aka ɗauki waƙar a 1962. Na watan Yuni Pete Best ne, makaɗin gangarsu kafin Ringo, aka sallame shi a Agusta. Ranar 4 ga Satumba Ringo ya buga, amma George Martin mai ɗaukar faifan bai gamsu ba, shi ya sa ranar 11 aka ɗauko wani makaɗi Andy White, Ringo kuma aka miƙa masa kacau-kacau ya riƙa kaɗawa. Saboda haka kasa kunne, in ka ji kacau-kacau White ne, in babu mai yiwuwa Ringo ne, na ce mai yiwuwa don na Pete Best ma an fitar da shi a 1995, kuma masu ɗorawa a YouTube kowa rubuta abin da ya ga dama yake. Da lasifikar waya ba lalle ka ji ba, sa iyafis. In ka kasa bambancewa kar ka damu, ba kai kaɗai ba ne.

Amurka fa?

Fabrairu 1964 suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum kusan miliyan 73 suka kalla.

Wa ya fi iyawa a cikinsu?

Ba zan amsa ba, rigima kake nema.