Tsarin 7z da Matse Fayiloli

Matse fayil hanya ce ta tattara fayiloli a ƙunshi guda tare da rage girmansu, ta yadda idan aka kwance ƙunshin kowane fayil zai dawo daidai yadda yake, ko harafi ɗaya bai salwanta ba. Tsare-tsaren da aka fi sani su ne ZIP, wanda Phil Katz ya fito da shi a Amurka a 1989, da RAR na Eugene Roshal da ya biyo baya a 1993, sai kuma 7z na Igor Pavlov ɗan ƙasar Rasha, wanda manhajarsa ta kyauta, 7-Zip, ta fara fitowa a 1999.

Tushen aikin shi ne farautar maimaici, dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977. Duk inda manhaja ta ci karo da jerin haruffan da ta riga ta gani, maimakon ta sake rubuta su sai ta ajiye ɗan gajeren nuni zuwa wurin da suka fara bayyana. A nan ne 7z ya yi wa ZIP fintinƙau, domin hanyar DEFLATE ta ZIP ba ta waiwaye fiye da kilobait 32, alhali LZMA ta 7z tana iya tuna megabait masu yawa, shi kuma 7z yana iya dunƙule fayilolin duka ya matse su tamkar abu guda. Mai shagon buga takardu a Wunti cikin garin Bauchi, wanda ya tara takardun ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa masu kanu da shafukan farko iri ɗaya, zai ga amfanin wannan ƙarara idan ya zo kwafe su a filashi ko tura su da ɗan datan da ya rage masa.

Sai dai dunƙulewar tana da tsada: matsewa tana cin lokaci da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma idan wani sashe ya lalace yana iya jan fayilolin da ke bayansa. RAR ya tanadi bayanan gyara don irin wannan matsala. Da 7z da RAR duka suna iya kulle ƙunshi da kalmar sirri ta tsarin ɓoye bayanai mai suna AES-256.

Hotunan JPEG da bidiyon MP4 kuwa an riga an matse su tun asali, shi ya sa wanda ya zuba bidiyon biki a 7z zai tarar girmansa kusan bai motsa ba.