Hawan Jini, Ciwon Sukari da Gawut: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne gawut?

Gawut nau'i ne na amosanin gaɓɓai da ke tasowa idan sinadarin yurik asid, wani datti da jiki ke samarwa kuma yake fitarwa, ya yi yawa a jini. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, yana iya daskarewa a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Galibi yakan fara da gindin babban ɗan yatsan ƙafa, cikin dare, da kumburi da raɗaɗin da ko mayafi ba ya bari ya taɓa wurin.

Me ya haɗa shi da hawan jini da ciwon sukari?

Ƙoda ce mahaɗarsu. Ita ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid ta fitsari, kuma hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ta. Haka nan idan jiki ya daina amsa kiran insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, kamar yadda ake gani ga masu teɓa da masu ciwon sukari nau'i na 2, insulin yakan yi yawa a jini, ya sa ƙoda ta riƙe yurik asid tare da gishiri, gishirin kuwa ya ƙara hawan jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Amurka tsakanin 2007 da 2008 ya nuna cewa kashi 74 cikin ɗari na masu gawut suna da hawan jini, kashi 26 kuma suna da ciwon sukari.

Shin maganin ɗaya yana iya tayar da ɗaya?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, suna ƙara yurik asid, alhali losartan, wanda shi ma maganin hawan jini ne, yana rage shi. A ɗaya ɓangaren, mutumin da ƙafarsa ta kumbura yakan garzaya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya yi ta sha, ba tare da sanin cewa suna ƙara hawan jini kuma suna wahalar da ƙodar da ta riga ta raunana ba. Prednisolone kuma, maganin rage kumburi da akan bayar idan gawut ya tashi, yana ƙara sukari a jini. Saboda haka wajibi ne mara lafiya ya sanar da likita dukkan cututtukansa da duk abin da yake sha, har da na gargajiya, kuma kada ya daina maganin hawan jini da kansa.

Wane abinci ya kamata a rage?

Kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, da yawan jan nama, da giya, da lemon kwalba mai sukari. Shan isasshen ruwa da rage ƙiba sannu a hankali suna taimakawa.

Abinci kaɗai ya isa?

Ga wanda ciwon ke yawan dawo masa, bai isa ba. Likita yakan rubuta allopurinol na kullum, ana auna jini lokaci-lokaci, har yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 ya zauna a can.