Waiwaye: Yadda Paris Ta Tsuke Titunanta, Da Waɗanda Abin Ya Fi Shafa

Wanda ya sauka gaɓar Kogin Seine a tsakiyar birnin Paris a yau, ya tarar da masu keke da masu motsa jiki da iyaye suna yawo da 'ya'yansu, da ƙyar zai yarda cewa kwaltar da yake takawa babban titin mota ce a da. Har zuwa tsakiyar shekarar 2016, motoci kimanin 43,000 ne ke bin wannan hanya kowace rana, babu danja, babu mai tsallakawa. Rufe ta ya jawo shari'a ta kusan shekara uku, ya kuma haddasa tsamin dangantaka tsakanin birnin da garuruwan da ke kewaye da shi. Wannan rigima tana da dogon tarihi.

Paris ce ta koya wa duniya faffaɗan titi. Tsakanin 1853 da 1870, Baron Haussmann ya rushe tsofaffin unguwanni masu lunguna bisa umarnin Napoleon na Uku, ya shimfiɗa manyan tituna miƙaƙƙu waɗanda birane da yawa suka kwaikwaya daga baya. Amma waɗancan tituna na keken doki ne da masu tafiya a ƙasa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da mota ta yi araha, talaka ma ya fara iya saye, mahukunta suka ga faɗin nan ya yi kaɗan. A 1967 aka buɗe titin gaɓar dama ta kogin, mai tsawon kilomita 13, wanda ke ratsa birnin daga yamma zuwa gabas. Georges Pompidou ne firaminista a lokacin, kuma sunansa aka sa wa titin daga baya. Ra'ayinsa sananne ne: birni ne ya kamata ya gyara zamansa don mota ta samu wuri. A 1973 aka kammala titin zobe mai kilomita 35 da ya kewaye birnin, wanda ake kira Périphérique. An tsara yin wani titin irin na farko a gaɓar hagu, ta gaban cocin Notre-Dame, amma da Pompidou ya rasu a 1974 yana shugaban ƙasa, magajinsa Valéry Giscard d'Estaing ya soke shirin.

Juyawar ta faro a hankali. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gaɓoɓin Seine cikin wuraren tarihi na duniya, abin da zai yi amfani matuƙa shekaru 27 bayan haka. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara hana motoci bin titin ranar Lahadi. Da Bertrand Delanoë ya zama magajin gari a 2001, sai ya yanke wani ɓangare na manyan tituna ya keɓe wa bas da tasi da keke, aka gina dakali tsakaninsu da sauran motoci don kada a kutsa. A 2002 ya fara rufe titin Pompidou na kusan wata guda a lokacin zafi, ana zuba yashi da kujeru mutane su huta. A ƙarshen 2006 jirgin taragu na cikin gari ya fara aiki a titunan kudancin birnin, ya cinye layukan da a da na mota ne, a 2007 kuma aka kawo kekunan haya na Vélib'. A 2013 aka rufe kilomita 2.3 na wani ɓangaren titin mota da aka riga aka gina a gaɓar hagu gaba ɗaya.

Hujjar masu wannan manufa ta saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Kowa zai ce idan ka rage faɗin magudanar ruwa, ambaliya za ka jawo. Su kuma suka ce mota ba ruwa ba ce, mutum ne a cikinta, kuma mutum yana lissafi. Idan hanya ta yi wuya, wani zai canza lokacin fita, wani ya hau jirgi, wani ya haɗa saƙo uku a fita ɗaya, wani ma ya fasa. Wani bincike da Sally Cairns da Carmen Hass-Klau da Phil Goodwin suka fitar a Birtaniya a 1998 ya duba wurare da dama a ƙasashe daban-daban inda aka rage wa mota fili, ya gano cewa a mafi yawansu wani kaso na motocin ɓacewa yake yi, ba komawa titin maƙwabta ba. Ɗaya fuskar maganar ita ce faɗaɗa titi yana kiran sababbin motoci, har ya sake cika.

Wannan gaskiya ne, amma kalmar da za a riƙe ita ce "wani kaso". Sauran fa, ina suke zuwa?

A 2016 aka samu amsa a aikace. Anne Hidalgo, wadda ta gaji Delanoë a 2014, ta ƙudiri rufe kilomita 3.3 na titin Pompidou, wato ɓangaren da ke tsakiyar birnin. Kwamitin jin ra'ayin jama'a ya ba da shawarar kada a yi, yana cewa nazarin da aka gudanar bai duba yankin da abin zai shafa da faɗin da ya kamata ba. Majalisar birnin ta amince duk da haka a watan Satumba. Titin da aka rufe don hutun lokacin zafi ba a sake buɗe shi ba.

Watannin farko sun yi zafi. Motocin suka hau titin sama da ke gefen kogin, wanda ke da danja a kowace mahaɗa, wasu suka karkata zuwa titin Saint-Germain a ɗaya gaɓar. Tafiyar maraice ta ƙara tsawo, masu gidaje a bakin titin sama suka yi ta kukan ƙarar hon da hayaƙi. Hukumar auna iska ta yankin, Airparif, ta fitar da sakamakonta a 2017, kuma kowane ɓangare ya sami abin kamawa a ciki: iska ta gyaru sosai a bakin kogin inda aka kori motoci, ta ɗan ƙara lalacewa a hanyoyin da motocin suka koma, musamman ta gabas. Daga baya masaniyar tattalin arziki Léa Bou Sleiman ta bi diddigin alƙaluman na'urorin ƙirga motoci, ta nuna cewa cunkoso ya ƙaru a kudancin titin zobe, a hannun da ke zuwa gabas, wato daidai inda mai son ratsa birnin zai bi idan an toshe masa tsakiya. Mutanen da ke zaune a bakin titin zobe kuwa sun fi na bakin kogi yawa, kuma sun fi su ƙaramin ƙarfi.

Nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Birnin Paris kansa ƙarami ne, mutum miliyan 2 da 'yan kai ne a ciki, alhali yankin gaba ɗaya ya haura miliyan 12. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen cikin birnin ba su da mota, ba su kuma buƙatarta, don da wuya ka yi tafiyar minti goma a ƙasa ba ka iske tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Waɗannan su ne masu zaɓen magajin gari. Mai aikin famfo da ke fitowa daga Seine-Saint-Denis, a bayan gari ta arewa maso gabas, da kayan aiki cike da bayan mota, da direban kai kaya, da ma'aikaciyar jinya da ke tashi aiki cikin dare, ba su da ƙuri'a a Paris. Hayar gida ce ta kora su bayan gari, kuma da yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi daga Afirka. An yanke hukunci a kan hanyarsu ta zuwa neman abinci a majalisar da ba su da wakili.

Shi ya sa Valérie Pécresse, shugabar yankin Île-de-France da Paris ke cikinsa, da magadan gari fiye da 160 na garuruwan kewaye suka garzaya kotu. A watan Fabrairun 2018 kotu ta soke rufewar, tana cewa nazarin tasirin da aka dogara da shi yana da kurakurai da giɓi. Hidalgo ba ta buɗe titin ba. Cikin makonni ta sa hannu a sabuwar doka, wannan karon ba da hujjar hayaƙi ba, da hujjar kare wurin tarihi da UNESCO ta amince da shi. Kotu ta karɓi wannan a watan Oktoba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019. Hidalgo ta ci shari'ar, amma tambayar da mutanen bayan gari suka kai kotu, wato ina motocin za su koma, ba a amsa ta a can ba.

Daga nan abin ya ƙara sauri. Da aka sassauta kullen korona a watan Mayun 2020, aka hana motocin gida bin titin Rivoli, ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin birnin, aka bar wa keke da bas da tasi da masu uzuri. A watan Yuni Hidalgo ta sake cin zaɓe. A ƙarshen Agustan 2021 aka taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a kusan dukkan titunan birnin. A Oktoban 2024 gudun titin zobe ya sauko daga 70 zuwa 50, a Nuwamba kuma aka hana ratsa gundumomi huɗu na tsakiya sai ga mai abin yi a cikinsu.

Ba na cikin masu cewa an yi kuskure. Zirga-zirgar mota a cikin birnin ta ragu da kusan rabi tun farkon shekarun 2000, kuma Paris ba ta tsaya cik ba kamar yadda aka yi ta hasashe. Wani bincike na cibiyar Institut Paris Région da aka fitar a 2024 ya nuna cewa a tafiye-tafiyen cikin birnin, keke ya kai kashi 11 cikin ɗari, mota kuwa kashi 4 da ɗan abu. Yaron da ke zuwa makaranta a titin da aka rufe wa mota ya fi samun iska mai kyau, kuma uwarsa ta fi samun kwanciyar hankali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki labarin a ce tsuke titi kaɗai ya yi aikin. Paris ta iya janye motar ne saboda tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1900, kuma inda jirgin bai kai sosai ba, nan ne kukan ya fi tsanani.

Matsalar layukan dogo na yankin ita ce kusan dukkansu tsakiya suka nufa. Mai son zuwa daga wannan garin bayan gari zuwa maƙwabcinsa sai ya shiga Paris ya sake fitowa, ko kuwa ya hau mota ya bi titin zobe. Maganin da aka tsara shi ne Grand Paris Express, sababbin layuka masu tsawon kimanin kilomita 200 da tashoshi 68, mafi yawansu suna zagaye birnin ta waje. An fara haƙa ramukansu a daidai shekarun da ake rigimar titin Pompidou, kuma an sha ɗaga ranar buɗe su. Layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa filin jirgin saman Orly da Saint-Denis a watan Yunin 2024, gab da wasannin Olamfik, shekara takwas bayan motar ƙarshe ta bi gaɓar kogin.