Fasaban ba biyan duwan ba ne

Kwanan nan da wuya ka zauna majalisa a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, a tashi ba a ambaci fasaban ba, wato takardar shigar da mota ƙasa na ɗan lokaci. Dillalan mota na faɗa, direbobi na faɗa, har a rediyo na ji mai gabatar da shiri yana yi wa masu mota mai lambar Najeriya nasiha, wai su hanzarta su biya fasaban don motarsu ta zama 'yar ƙasa. Wannan maganar ce ta ɓata mini rai, domin fasaban bai taɓa mayar da mota 'yar ƙasa ba, kuma a kan wannan kuskure mutane ke zuba dukiyarsu.

Asalin kalmar Faransanci ce, passavant, wato "wuce gaba". Wasu lesefase suke ce wa takardar. Duwan, wato kwastan, ne ke ba baƙo ita a bakin iyaka, ɗauke da sunansa, lambar motar, lambar shasi, ranar shigowa da ranar da wa'adi zai cika. Ɗan kuɗin da aka karɓa a hannunsa na takarda ne. Harajin shigo da motar yana nan daram, an jingine shi ne kawai saboda baƙon ya yi alkawari zai fita da abarsa. Aro aka ba shi na hanya, ga kuma ranar mayarwa a rubuce.

Ba Kamaru ce ta ƙirƙiro tsarin ba. Tun 1954 aka ƙulla yarjejeniya a New York kan shigar motocin masu zaman kansu wata ƙasa na ɗan lokaci, kuma sharuɗɗanta a fili suke: mai motar ya kasance mazaunin wata ƙasa ne, ziyara ta kawo shi, motar ta hawansa ce, ba ta ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Duk rigimar tana cikin kalmar mazauni. Ba a tambayar inda aka haife ka, inda kake zaune ake tambaya.

To mu ɗauki abin da ke faruwa kullum. Ɗan kasuwa ya taso daga Mubi da mota mai lambar Najeriya, wata ƙila ma ta Kwatano aka sauke ta tun farko. Ya karɓi fasaban a iyaka, ya shigo Garwa, ya gama harkarsa, sai ya ga motar za ta yi kuɗi a nan. Dillali ya kai ta ƙofar gidan wani attajiri. "Alhaji, takardunta cif suke, ga fasaban nan da ransa, in ya ƙare ni zan sabunta maka." Alhaji ya ga hatimi, ya ga sa hannu, ya ga farashin ya yi ƙasa da na mota irinta mai lambar NO ta yankin Garwa, ya ƙirga kuɗi. Abin da ya saya ke nan: takarda da sunan wani, izinin da aka tanadar wa baƙo alhali shi a Garwa yake kwana yake tashi, da motar da tun farko ba a yarda a sayar da ita cikin ƙasa ba sai an biya harajinta. Arahar da ya gani, harajin ne da ba a biya ba, kuma yanzu a wuyansa yake. Ranar da aka tsayar da shi kan hanyar Ngaundere, "shef, ka duba ga hatimi" ba za ta fitar da shi ba, don yanzu duwan na da manhajar Cosmos da ake sa lambar shasi a ga ko an biya wa mota haraji. Sai a ajiye motar, ga haraji ga tara. Mai sayarwa kuwa ya daɗe da komawa gida, dillali ya ci ladansa ya kashe waya.

Sabuntawar da dillali ya yi alkawari ita ma zance ne. Dabarar da aka saba ita ce a kai motar iyaka, a fita da safe a dawo da yamma da sabuwar takarda, a ci gaba da haka shekara da shekaru. Yarjejeniyar Istanbul ta 1990 ta toshe wannan ƙofa a rubuce: motar hawa tana da wata 6 cikin kowane wata 12, a jere ne ko a rarrabe. Kowace ƙasa da nata wa'adin, kuma wanda ya shafe ka shi ne wanda aka rubuta a takardarka, amma hikimar ɗaya ce. Mai shekara uku yana ziyara ya tashi daga baƙo.

Masu yawon duniya da mota sukan riƙe wani littafi a madadin fasaban, karne, da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bayan an ajiye jingina. Shekara ɗaya yake yi, kowane shafi da ɓangaren shiga da na fita. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganinsa.

Sai masu cakuɗa fasaban da inshora. Katin inshora mai ruwan ƙasa na ECOWAS na ƙasashen Afirka ta Yamma ne, Kamaru da Chadi ba sa ciki, su katinsu shi ne mai ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Mai motar Najeriya da ya tsallako ta Banki ko Gamboru yana buƙatar inshorar da ke aiki a nan, fasaban ba ya biyan diyyar wanda aka buge. Haka 'yan siyasa masu cika baki da 'yancin zirga-zirga a ƙasashen CEMAC 6, wanda aka tabbatar a 2017: cire biza aka yi wa mutane, mota tana nan da takardunta.

Ni dai a ganina dokar nan, da Bature mai yawon buɗe ido aka auna ta, ba da mu ba. Mutumin da iyalinsa ke Kusiri ta Kamaru, shagonsa na Njamena ta Chadi, yana haye gadar Ngeli safe da yamma, mazaunin ina ne? Irinsa ya cancanci takarda ta musamman ta mazauna iyaka, mai tsawon wa'adi, da za ta raba shi da roƙo a kowane shinge. Amma wannan uzurin bai kai ga Alhajin Garwa ba, wanda motarsa ba ta sake ganin iyaka ba tun ranar da ya saye ta. Shi hanyarsa ɗaya ce: a kai motar ofishin duwan, a yi mata kima, a biya, a fitar da kat giriz, wato takardar rajistar mota, da sunansa, a ɗaura mata NO, ko EN in Marwa yake, ko AD in Ngaundere.

Baƙo na gaskiya kuma kada ya yi gaggawa ranar fita. Ya tsaya a ofishin duwan na iyaka a karɓi takardar a rubuta cewa motar ta fita, in ba haka ba a littafinsu tana nan cikin ƙasa, kuma da harajinta za a tare shi ran da ya sake dawowa.