Sauya Injin Tsohuwar Mota da Zaɓen Kayan Cikinsa

Sauya inji shi ne a sauke injin da mota ta zo da shi daga kamfani a ɗora mata wani, ko irin nata ko na wata mota daban. A Turai da Amurka galibi masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke yin wannan aiki don ƙarin gudu. A Katsina da Daura kuwa larura ce ta fi kawo shi: bodi na nan da ƙwarinsa, inji ya gaji. Shi ya sa abin da ke yanke hukunci wajen zaɓen kaya a wannan yanki shi ne zafi, da ƙura, da nauyin lodi, da kuma ko za a samu kayan gyara idan mota ta tsaya a hanyar Jibiya ko Mai'aduwa.

Motocin da aka fi yi wa aikin

Peugeot 504 ce kan gaba. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Daga ita sai 505 da ta fito a 1979, da ragowar a-kori-kura ta 404. Akwai kuma Mercedes W123 da tsofaffin Hilux da Hiace na Toyota.

Injin fetur na 504 da aka fi sani a nan shi ne XN1, mai silinda huɗu da girman cc 1971. Faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin kuma milimita 81. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyom, kuma a kishingiɗe yake zaune cikin mota, abin da ya ba da damar yin bonet ƙasa-ƙasa. Wannan kishingiɗar ita ce matsala ta farko ga mai son ɗora injin wani kamfani, domin injin da ke tsaye sosai yana iya taɓa bonet daga sama, ko kaskon baƙin mai ya zauna kan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce a sake gina injin asali da sababbin kaya. Ta biyu, a ɗauko inji daga dangin motar, misali na 505 a sa wa 504, ko injin dizal na Peugeot da ake kira Indenor, wato XD2 mai cc 2304 ko XD3 mai cc 2498. Ta uku ita ce baƙon inji, kamar 22R na Toyota mai cc 2366, ko 3Y da 4Y da aka sani a Hiace. Wannan ta ukun ta fi cin kuɗi da wahala, saboda sai an ƙera sababbin mazaunan inji, an daidaita giyabos da furofela, an sake salansa da wayarin. A 504 salun furofela tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul na baya, don haka sauya giyabos a cikinta ba ƙaramin aiki ba ne. Injin dizal kuma ya fi na fetur nauyi, yana buƙatar babban batir, kuma gaban mota kan sunkuya idan ba a sauya sifirin ba.

Yawancin injinan da ake ɗorawa 'yan Beljiyam ne, daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tsaftar bayan inji ba ta nuna lafiyar cikinsa. Gogaggen bakanike yakan kwance filogi ya duba launin bakinsu, ya juya inji da hannu ya ji ko kowace silinda na turjiya, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa. Idan ya ga wani abu mai kauri ruwan madara a ƙasan murfin, ruwa ya riga ya haɗu da mai.

Fistin, ringi da silif

Nan ne tsohon injin Peugeot ya yi fice. Silindarsa bututu ne da ake zarewa, wanda makanikai ke kira silif, kuma ruwan lagireto na zagaye shi kai tsaye. Saboda haka ba sai an kai gangar inji wurin gurza ba. Ana sayen silif da fistin da ringi a matsayin saiti ɗaya a sauya. Amma akwai sharaɗi. Dole bakin kowane silif ya ɗan ɗara saman gangar inji da ɗan abin da ya yi kusan kaurin takarda, kuma duka huɗun su zo kusan daidai, domin a kansu gasket ke cizawa. Idan ɗaya ya nutse, gasket zai ƙone ko da sabo ne. A gindin silif kuma akwai abin toshewa da ke raba ruwa da baƙin mai, wanda ba a maimaita tsohonsa. Wani abin da kan rikita wanda bai saba ba shi ne, idan aka cire kan inji aka juya karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ba tare da an danne silif ba, sai su ɗago, toshiyar gindin ta lalace ba a sani ba.

Fistin iri biyu ne: na zubi da na ƙira. Na ƙira ya fi jure matsi da zafi, shi ya sa masu tseren mota ke son sa, sai dai yana buɗewa sosai idan ya yi zafi, don haka ana barin masa sarari mai yawa, kuma yakan yi ƙara da safe kafin inji ya ɗumama. Motar da aikinta ɗaukar buhunan gero daga kasuwar Charanchi ba ta da buƙatarsa. Na zubi mai kyau ya wadatar, kuma gara a kashe rarar kuɗin a kan ringi na gaske. Wajen ɗaura ringi ana rarraba bakunansu kada su yi layi ɗaya.

Karanshaf da metal

Idan karanshaf ya ci, ana gurza shi a sa metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, mai kauri daidai da abin da aka rage. A injina da yawa matakan su ne milimita 0.25 da 0.50 da 0.75, amma kowane kamfani da nasa ma'auni, don haka da awo ake sayen metal. Ƙusoshin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, da na kan inji suna da iyakar ɗauri da kamfani ya ƙayyade, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su. Ɗauri da ƙarfin dantse kawai ya kashe injina da yawa.

Matsi da kamshaf

Matsin irin waɗannan tsofaffin injinan fetur, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai a cikin silinda, galibi yana tsakanin 8 da 9 bisa 1. Duk sanda aka goge fuskar kan inji don ya miƙe, matsin na ƙaruwa. Ƙarin matsi na kawo ƙarfi, amma a zafin watan Afrilu da ke kai digiri 40, da fetur ɗin da ba kullum ake sanin ingancinsa ba, sai inji ya riƙa ƙyas-ƙyas a hawa ko da lodi, kuma wannan ƙarar tana iya huda fistin. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, idan na tsere ne shi ma haka: yana kai ƙarfi can sama inda inji ke ihu, ya rage shi a ƙasa inda ake buƙatarsa wajen tashi da kaya ko fita daga rairayi. A wannan yanki kamshaf na asali ya fi dacewa.

Gyare-gyaren da ke biyan kuɗinsu

Sauya kwantak, wato ɗan makunnin da ke sakar wa filogi wuta, da na'urar wuta ta lantarki yana rage yawan saiti. Kafireta mai maƙogwaro biyu, irin Weber 32/36, tana aiki da kyau idan an daidaita jet ɗinta, wato ƙananan ƙofofin da mai ke fita, da girman inji. Amma abin da ya fi duka shi ne sanyaya inji da tace iska. Babban inji na son babban lagireto da fanka mai rumfa. Al'adar cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, da jefar da shi ta yaɗu a garejinmu, alhali rashinsa na hana inji kai zafin aikinsa da wuri, musamman da sanyin hunturu, ya ƙara shan mai da cin silinda. Ƙurar hunturu kuwa, idan ta wuce matatar iska, tana cin ringi kamar sanfefa, don haka buɗaɗɗiyar matata ta ado ba ta dace da hanyar Daura zuwa Kwangwalam ba.

Idan ƙarfin inji ya ƙaru sosai, sai a duba kulochi da birki su ma. Sabon ginin inji ana lallaɓa shi a kusan kilomita 1,000 na farko, ba lodi mai nauyi, sannan a zubar da baƙin mai a sauya filta. Tunda lambar inji na rubuce a takardun mota, mai motar yakan riƙe rasidin sayen injin, ya je ofishin lasisi a sabunta lambar.